Yadda Ake Zama Ƙwararriyar 'Yar Wasan Gaba a Ƙwallon Ƙafa ta Mata

'Yar wasan gaba, wadda ake ba riga mai lamba tara, da ƙwallayen da ta zura a raga ake auna ta. Ko ta yi ta yanke mutane har filin ya ɗau ihu, idan kaka ta ƙare da ƙwallo biyu a gaban sunanta, wata za a nemo. Sai dai yawancin 'yan matan da Allah ya ba ƙafa ba rashin iya cin ƙwallo ke tsayar da su ba. Abubuwa uku ne suka fi kashe sana'ar: gwiwar da ba a ƙarfafa ba, takardar da aka sa wa hannu ba a karanta ba, da zaman benci a ƙungiyar da aka yi gaggawar zuwa. Saboda haka bayanin nan zai bi filin wasa da wajen fili tare.

Daga shekara 10 zuwa 15: gida tukuna, sannan ƙafa biyu

Kafin takalmi, ki samu yardar iyaye. Ba ladabi kaɗai ba ne: duk rajista ko yarjejeniyar da za a yi da yarinyar da ba ta kai 18 ba, sai da sa hannun uba ko uwa ko waliyyi. Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne karatu, sutura, da wanda za a bar wa 'yarsu. Duka ukun suna da amsa. Karatu ba a ajiye shi, a ƙalla sai an kammala sakandare. Batun sutura kuwa, tun 2014 dokar ƙwallo ta duniya ta halatta rufe kai a fili, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da hijabinta. Ana kuma sa dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren, muddin launinsa ya dace da kayan ƙungiya. Na ukun, a kai Baba ko Mama filin atisaye su ga kocin ido da ido, su tambaya ko akwai mace babba cikin masu kula da yara, da inda ake kwana idan an yi tafiya. Ƙungiyar da ba ta son iyaye su zo kallo, a bar ta. Asisat Oshoala ma, shahararriyar 'yar wasan gaba ta Najeriya, da farko iyayenta ba su so ba.

A wannan shekarun, bango shi ne babban malaminki. Ki tsaya taku biyar zuwa bakwai daga bango, ki buga da cikin ƙafar dama sau 50, hagu sau 50, sannan ki koma taɓawa biyu: ki tare da ƙafa ɗaya, ki buga da ɗayar. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Dalilin matsa wa ƙafar da ba ki saba da ita ba shi ne, a cikin yadi na 18 ba a ba ki lokacin gyara ƙwallo zuwa ƙafar da kike so. Mai tsaron baya mai wayo, cikin minti goma za ta gane ƙafa ɗaya gare ki, ta riƙa tura ki ɗaya gefen har a tashi.

Idan babu ƙungiyar mata a kusa kuma iyaye sun amince, wasa da yara maza sa'anninki kafin a balaga yana ƙara saurin tunani.

Aikin gaban raga

Ki san ma'aunin wurin aikinki. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta 2.44. Ɗigon fenareti yana mita 11 daga layin raga, ƙaramin yadi mita 5.5, babban yadi mita 16.5. Mafi yawan ƙwallayen da lamba tara ke ci daga tsakanin ɗigon fenareti ne da bakin raga, daidai faɗin turakun nan biyu, kuma da taɓawa ɗaya ko biyu. Bugun nesa yana da daɗin kallo, amma ba shi ke ciyar da 'yar gaba ba. Ke nan babban aikin shi ne isa wannan ɗan wurin a daidai lokacin da ƙwallo za ta iso, ba tare da mai tsaron baya ta manne miki ba.

Fara da tsayuwa. Kada ki tsaya a gaban mai tsaron baya inda take ganinki tana ganin ƙwallo lokaci guda. Ki tsaya a bayan kafaɗarta, gefen da ke nesa da ƙwallo. Idan ta juyo ta dube ki, ta daina ganin ƙwallo. Idan ta dubi ƙwallo, ta rasa ki. Da ta juya kai wajen ƙwallo, nan ne lokacin tashinki.

Sai gudu biyu a haɗe: na farko na ruɗi, na biyu na gaske. Kina son ƙwallo a bayan masu tsaron baya? Ki fara tahowa taku biyu kamar za ki karɓa a ƙafa, da ta biyo ki sai ki juya ki tsinke. Kina son a ƙafa? Ki fara yin kamar za ki tsinke, sannan ki dawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne taku na farko ya zama na kasala. Idan ba ki yi shi da gaske ba, babu mai biyo ki.

Satar gida kuma, yawanci gudu miƙe ke jawo ta. Ki lanƙwasa gudun: ki bi layin masu tsaron baya a kwance, kina ƙara sauri, idonki na kan mai ƙwallo. Alamar da kike jira ita ce ta ɗaga kai ta gan ki, sannan ta sunkuyar da kai ta ja ƙafa baya. A nan za ki karya ciki. Idan kin tashi tun tana ɗaga kai, tuta za ta tashi. Ki tuna ana duba inda kike ne a lokacin da ƙwallo ta bar ƙafarta, kuma hannu ba ya cikin lissafi. Babu satar gida a jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola daga ƙaramin yadi.

Idan 'yar gefe za ta kwaso ƙwallo, wurare uku ne: turken kusa, turken nesa, da baya wajen ɗigon fenareti. Ki karanta halin da take ciki. Idan tana cikin gudu kuma an matsa mata, ƙwallon ƙasa-ƙasa za ta zo da ƙarfi, ki tsallaka gaban mai tsaron baya zuwa turken kusa, ɗan taɓawa ya isa. Idan ta samu sarari ta ɗaga kai, ki ja baya zuwa turken nesa. Idan ta kai har layin ƙarshe, masu tsaron baya duk za su ruga cikin raga, ke kuma ki taka birki a wajen ɗigon fenareti, za a dawo miki da ita. Shiga da wuri shi ne matsalar: kin isa, kin tsaya, an kama ki. Gara ki makara da taku ɗaya ki iso da gudu.

Wajen bugawa, ƙafar da kika kafa ta sauka a gefen ƙwallo, kamar tafin hannu ɗaya tsakani, yatsunta na nuna inda kike so ta tafi. Idan ta sauka a bayan ƙwallo, jikinki zai kwanta baya, ƙwallo ta haura sama. Gwiwa da ƙirji su rufe kan ƙwallo, idon sawu a ƙage. Cikin mita 12 zuwa raga, cikin ƙafa ya fi bayan ƙafa, domin wuri ake nema ba ƙarfi ba. Ki fi neman ƙasan kusurwa, inda gola ke daɗewa kafin ta kai hannu. Idan kin shigo ta gefe, ki buga a ƙasa zuwa turken nesa. Ko gola ta ture, ƙwallon za ta faɗo a gaban abokiyar wasanki.

Daga ke sai gola: ki ɗaga kai tun da nisa, ki duba ta sau ɗaya. Idan ta tsaya a layinta, ki matso ki zaɓi kusurwa. Idan ta fito da gudu, ki buga tun tana cikin taku, kafin ta kafa ƙafafunta, ko ki ja ƙwallon gefe ki wuce ta. Kada ki canza shawara a tsakiya. Ƙwallon da Oshoala ta ci Koriya ta Kudu a 2019 a Faransa irin wannan ce: an zura mata a bayan masu tsaron baya, ta kewaye gola, ta tura daga matsattsen wuri. Wadda ta ci Ostiraliya a 2023, wasan da Najeriya ta ci 3 da 2, ta fi koyar da darasi. Doguwar ƙwallo ce aka cillo, mai tsaron baya da golarta suka rikice a kan wa zai ɗauka, aka doke ta da ka ta wuce gola. Oshoala ba ta tsaya kallo ba, ta ci gaba da gudu kamar ta san za a yi kuskuren, ta riski ƙwallon a gefen raga ta tura ciki. Masu kallo kan ce sa'a ce. Wadda ta bi irin wannan ƙwallon sau goma ba ta samu komai ba, ita ke samun ta goma sha ɗaya.

Atisayen wannan, sau uku a mako bayan atisayen ƙungiya, minti 15 zuwa 20: bugu 10 da taɓawa ɗaya daga fasin na gefen dama, 10 daga hagu, 10 kin juya wa raga baya ki tare ki juya, 5 da ka. A sa gola ta gaske, a sa wata ta riƙa bin ki ko da rabin ƙarfi. Ki rubuta nawa suka shiga. Da kin ga bugun ya fara lalacewa don gajiya, ki tsaya. Bugu 100 da gajiyayyiyar ƙafa mugun sabo yake koyarwa, ya kuma ja ciwon matsematsi.

Abu biyu da masu horarwa na yanzu ba sa yafewa: riƙe ƙwallo kina juya wa raga baya, da matsa wa abokan karawa idan ƙwallo na hannunsu. A na farko, ki tsaya a karkace, gwiwa a lanƙwashe, damtsenki na jin inda mai tsaron baya take, ki tare da ƙafar da ke nesa da ita. A na biyu, kada ki ruga kai tsaye kan mai tsaron bayan da ke da ƙwallo. Ki lanƙwaso ta yadda jikinki zai toshe hanyar fasin zuwa ɗaya mai tsaron bayan, ki tilasta mata bugawa gefe ɗaya.

Gwiwa, abinci da jini

Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ta fi samun mata 'yan ƙwallo fiye da maza nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ba wanda ya taɓa 'yar wasan. Tana faruwa ne wajen dirowa daga tsalle ko juyawa da sauri, lokacin da gwiwa ta karkata ciki ƙafa kuma na kafe. Bayan tiyata, wata tara zuwa shekara guda ake yi kafin a dawo. A ƙungiyar da ba ta da inshora, sau tari nan sana'ar ke tsayawa.

Rigakafin ba ya buƙatar kuɗi. Akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, kimanin minti 20, a yi shi a ƙalla sau biyu a mako. Ki koyi dirowa a kan ƙafa ɗaya, gwiwa a lanƙwashe tana daidai saitin yatsun ƙafa. Ki sa a ɗauke ki bidiyo ta gaba ki gani ko tana faɗawa ciki. Don tsokar bayan cinya, ki durƙusa, wata ta danne miki idon sawu, ki riƙa sauka gaba a hankali jikinki a miƙe har ki kasa riƙewa ki tare da hannu. Ki fara da sau 4 zuwa 5, zagaye biyu, don kwana biyun farko cinyar za ta yi tsami sosai. Gudun tsere kuma, mita 20 zuwa 30, sau 6 zuwa 8, da hutun minti biyu tsakani, sau biyu a mako. Takalmi ya dace da fili: dogayen ƙusoshi a busasshiyar ƙasa ko ciyawar roba suna kafe ƙafa, gwiwa ta murɗe.

Abinci: mai nauyin kilo 60 tana buƙatar sinadarin gina jiki kusan giram 100 a rana, a rarraba shi cikin abinci uku ko huɗu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, don haka sai an haɗa da wake, kifi, nama, nono, gyaɗa ko awara. Tuwo, shinkafa, doya da dankali su ne man gudu. Babban abinci ya kasance awa uku zuwa huɗu kafin wasa. Ki auna nauyinki kafin atisaye da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu, ki sha ruwa kusan lita ɗaya da rabi cikin awannin da suka biyo baya. Da azumi, a mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki.

Jinin al'ada yana rage sinadarin ƙarfe a jiki. Idan kina haki da wuri, ƙafafu sun yi nauyi ba dalili, ki je a auna jininki. Hanta, nama, wake, zogale da alayyafo suna taimakawa, amma shan shayi a kan abinci yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin. Idan al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki ba, alama ce cewa abincin bai kai wahalar da kike sha ba, kuma ƙashi na iya tsagewa. Ki ga likita. Kada ki sha magani, na kanti ko na gargajiya, ba da sanin likitan ƙungiya ba. Tiramadol ma ya shiga jerin haramtattun magunguna a lokacin gasa tun Janairun 2024, kuma duk abin da aka samu a fitsarinki, ke za a dakatar.

Inda ake ganin 'yar wasa

A Najeriya gasar mata ta NWFL hawa uku ce: Nationwide a ƙasa, Championship a tsakiya, Premiership a sama. Manyan sunaye sun haɗa da Rivers Angels, Bayelsa Queens, Edo Queens, Delta Queens, FC Robo ta Legas, da Nasarawa Amazons ta Lafiya. Adamawa Queens ma daga arewa take. Daga nan ake gayyata zuwa ƙungiyoyin ƙasa: Flamingos ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda ta zo ta uku a duniya a Indiya a 2022, da Falconets ta 'yan ƙasa da 20, sai Super Falcons, wadda ta ɗauki kofin Afirka karo na goma a Rabat a Yulin 2025. Tun 2021 kuma akwai gasar zakarun ƙungiyoyin mata ta CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka.

Gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da 20 ita ce babbar kasuwa. A Kanada a 2014 Oshoala ta ci ƙwallo 7, huɗu daga ciki a wasan kusa da na ƙarshe da Koriya ta Arewa, ta karɓi kyautar gwarzuwar gasa da takalmin zinare duk da Jamus ta doke Najeriya a wasan ƙarshe. A farkon 2015 Liverpool ta ɗauke ta.

Ki tanadi bidiyo: na minti uku zuwa biyar mai nuna ƙwallayenki da motsinki, a ɗauka daga wuri mai tudu, tare da cikakken wasa ɗaya ko biyu. Masu farautar 'yan wasa cikakken wasan suka fi yarda da shi, don a nan ake ganin abin da kike yi idan ƙwallo ba ta wurinki.

Takardu, wakili da kwantiragi

Ranar haihuwarki ta zama ɗaya a takardar haihuwa, lambar NIN, fasfo da rajistar hukumar ƙwallo. Duk wanda ya ce ki rage shekaru, ki ƙi. Ranar da takardun suka saɓa, cinikin da ya kusa faɗawa zai rushe.

Dokar FIFA ta hana a kai 'yar wasan da ba ta kai 18 ba wata ƙasa, sai a 'yan yanayi ƙalilan, kamar iyaye su ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Wanda ya ce zai kai 'yar shekara 16 Turai ta sa hannu, ƙarya yake yi. Wakili na gaske yana da lasisin FIFA, sunansa na cikin jerin da ke shafinta, kuma yarjejeniyarsa da 'yar wasa ba ta wuce shekara biyu. Kasonsa daga cinikin da ya kammala yake fitowa. Wanda ya nemi a sayar da fili a ba shi kuɗin biza da gwaji, a rabu da shi. Gayyatar gwaji ta zo a rubuce daga ƙungiyar, ki kuma tuntuɓi ƙungiyar ta adireshinta na hukuma ki tabbatar. Fasfonki kada ya kwana a hannun kowa.

A kwantiragi ki duba: albashin kafin haraji ne ko bayansa, da wane kuɗi, wata nawa a shekara, wa ke biyan gida, abinci da tikitin dawowa gida, wa ke biyan tiyata, kuma albashi zai ci gaba idan kin ji rauni. Ladan ƙwallo da na nasara a rubuta adadinsu. Tsawon kwantiragi ba ya wuce shekara biyar, ko uku ga wadda ba ta kai 18 ba. Idan da yaren da ba ki ji aka rubuta, sai an fassara, kuma ki karɓi kwafinki mai sa hannun ɓangarori biyu. Ba za ki buga wasa a sabuwar ƙasa ba sai takardar sauya sheƙa ta ITC ta fito daga tsohuwar hukumarki, don haka ki rabu da tsohuwar ƙungiya a rubuce. Idan aka riƙe miki albashin wata biyu, ki rubuta takardar gargaɗi ki ba su kwana 15. In ba su biya ba, doka ta ba ki damar soke kwantiragin ki bi haƙƙinki. Tafiya ba tare da wannan takardar ba ita ke mayar da mai gaskiya mai laifi. Ƙara a gaban FIFA kuma ba ta karɓuwa bayan shekara biyu.

Tun 2021, a dokar FIFA, ƙwararriyar 'yar wasa tana da hutun haihuwa na mako 14 a ƙalla, takwas daga ciki bayan haihuwa, da kashi biyu cikin uku na albashinta, kuma ba a korarta don ta samu ciki.

Ƙungiyar farko a waje

Ki zaɓi inda za ki buga, ba inda sunan ya fi girma ba. Ki tambaya: 'yan gaba nawa ne a ƙungiyar, da mutum nawa koci ke kai hari, kuma shi kocin ne ya nemi a kawo ki? Rasheedat Ajibade daga FC Robo sai Avaldsnes ta Norway, daga nan Atletico Madrid a 2021, sannan Paris Saint-Germain a 2025. Barbra Banda ta Zambiya ta bi ta Logroño a Sifaniya, ta je Shanghai, kafin Orlando Pride a 2024, inda ita ta ci ƙwallon da ta ba su kofin Amurka. Oshoala kanta ba ta yi wani tashe a Liverpool da Arsenal ba, ga raunin gwiwa a shekararta ta farko. Da ta koma Dalian a China a 2017 wasu sun ɗauka ta ja baya, amma can ta dawo da cin ƙwallo. Barcelona ta karɓe ta aro a farkon 2019, ta ci ƙwallo a wasan ƙarshe na zakarun Turai a shekarar, ta ɗaga kofin a 2021.

Idan rabin kaka ya wuce ba ki fara wasanni ba, ki nemi a ba da ke aro. Ki lura dai, a kaka ɗaya ƙungiyoyi uku kawai za su iya yi miki rajista, biyu kawai za ki iya buga wa wasan hukuma.

Duk 'yar gaba tana shiga lokacin da ƙwallo ke ƙin shiga. Ki koma bidiyon wasanninki uku na baya ki ƙirga sau nawa kika taɓa ƙwallo a cikin yadi na 18. Idan adadin bai ragu ba, bugu ne ya ɗan kauce, ki koma atisayen kusa da raga da taɓawa ɗaya. Idan ya ragu, kin fara saukowa tsakiyar fili neman ƙwallo don ƙosawa, ki koma kafaɗar mai tsaron baya ki jira. Bayan shekara 30 sauri kan fara raguwa, sai a ƙara dogara ga tsayuwa da lokacin tashi, a ƙara ranakun hutu tsakanin atisaye masu nauyi. A wannan lokacin ne ya dace ki fara kwas ɗin horarwa na CAF, wanda ake farawa daga lasisin D a hau C, B da A, tun kina da albashin biyan kuɗinsa da filin da za ki gwada abin da aka koya miki.